Babi na Shida: Renon Furen Okid na Asali a Gidajen Sakkwato

Darasi na ɗaya: Sanin furen

'Yan'uwa ɗalibai, ku fara da karanta wannan kalma da ƙarfi sau uku: okid. Haruffanta huɗu ne kawai, kuma babu wanda ba ku taɓa rubutawa ba a cikinsu. Okid sunan wani babban dangi ne na tsirrai masu fure, wanda masana suka ƙirga iri kusan 28,000 a cikinsa. Wasu a ƙasa suke tsirowa, wasu kuma a jikin itace suke zama. Kada ku ɗauki na jikin itacen tamkar kauci, domin kauci yana shan ruwan itacen da ya hau, shi kuwa okid aron mazauni kawai yake yi, abincinsa yana samuwa ne daga ruwan sama da ruɓaɓɓen ganyen da ya taru a saiwarsa.

Okid na asali shi ne wanda yake nan yadda Allah ya halicce shi a daji. Akwai kuma ruwa-biyu, wato wanda masu lambu suka haɗa iri da iri suka samar. Yawancin wanda ake sayarwa a manyan kantunan Abuja da Legas ruwa-biyu ne na gidan Phalaenopsis (gida a nan shi ne rukunin okid masu kusanci da juna a cikin dangin), wanda asalinsa dazuzzuka ne masu laima na kudu maso gabashin Asiya. Wannan babi na masu son na asali ne.

Darasi na biyu: Ku zaɓi gida ɗaya

Makiyayin da ya tsaya a kan jar akuyar Sakkwato ya san cinta da cutarta da lokacin haihuwarta, har ya kan gane rashin lafiyarta daga yadda ta tsaya. Haka renon okid yake. Wanda ya sayi wannan yau, ya sayi wancan gobe saboda launi ya burge shi a hoton waya, zai tara tsirrai goma masu bukatu goma a tsakar gida ɗaya, kuma taura biyu ma ba ta taunuwa balle goma. Garinmu ne zai yi muku zaɓin: daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40, hunturu yana busar da komai, damina kuma gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba. Saboda haka shawarata ita ce ku tsaya a gidan Eulophia, wanda yawancinsa 'yan Afirka ne masu tsirowa a ƙasa kuma sun saba da dogon rani.

Na farko da ya dace da mai koyo shi ne Eulophia petersii, ɗan busassun wurare na gabashin Afirka da yankin Larabawa, mai kaurin ganye da ƙananan haƙora a gefe kamar zarto. Bayansa akwai Eulophia guineensis mai fure ja-ja mai haske, da Eulophia cristata ta dajin Afirka ta Yamma, wadda take fitar da furenta tun ganye bai fito ba. Idan hannunku ya faɗa bayan shekara ɗaya ko biyu, sai ku ƙara Ansellia africana, mai zama a jikin itace, mai fure rawaya da ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa. An sa mata sunan John Ansell, wanda ya same ta a tsibirin Fernando Po (Bioko a yau, a ƙasar Equatorial Guinea) a shekarar 1841. Ku saya daga wanda ya rena nasa ya raba, kada ku sa a tono muku daga daji, kuma ku sani cewa shigo da okid daga wata ƙasa sai da takardar izini.

Darasi na uku: Tukunya da ruwa

A nan ne nake roƙonku ku ajiye hira ku ba ni hankalinku, domin a nan kusan kowa yake faɗuwa. Ku nemi tukunyar ƙasa, ku tabbata akwai huda a gindinta, ba ɗaya ba, uku ko huɗu, kowace ta isa ɗan yatsa ya shiga. Ku ɗaga tukunyar sama ku leƙa. Idan ba ku ga haske ta gindin ba, ba ta hudu ba ke nan. Ku zuba tsingaro a ƙasa, sannan ku haɗa yashi mai tsakuwa da gawayi da aka farfasa kamar girman goro da ɗan ruɓaɓɓen ganye. Kada ku sa laka ko ƙasar fadama. Ansellia kuwa ba ta son ƙasa ko kaɗan, gawayi da ɓawon itace sun ishe ta. Ku ajiye tukunyar inda hantsi zai taɓa ta amma inuwar dogon yaro ko rumfar zana za ta kare ta daga ranar azahar, kuma ku ɗora ta a kan bulo don kada zafin siminti ya dafa saiwar.

Ku dubi gindin tsiron, za ku ga wani kumburi mai kama da albasa. Wannan shi ne randarsa, a ciki yake ajiye ruwan da zai kai shi rani. Kamannin ne yake ruɗin mutanenmu, musamman wanda ya saba ban-ruwan albasa a fadamar Kwalkwalawa, sai ya ga kamar kullum tsiron ƙishi yake ji. Okid ba albasa ba ne. Saiwarsa tana bukatar iska, kuma idan ta kwana biyu cikin jiƙa sai ta ruɓe ta yi baƙi.

Ga ƙa'idar: kafin ku ɗauki buta, ku tura yatsa cikin tukunyar har gaɓa ta biyu. Idan kun ji sanyi ko danshi, ku ajiye butar ku tafi harkarku. Idan kun ji a bushe ƙayau, sai ku zuba ruwa da safe, da yawa, har ku ga yana fita ta hudar gindi, sannan ku bar shi. Mu sake: yatsa tukuna, buta daga baya. Wanda ba ya son ɓata hannu ya soka tsinke ya zaro. Idan tsinken ya fito da danshi, ba a ba da ruwa. Kada ku ji kunya idan kun manta a makon farko, ni ma da na fara sai da na kashe biyu da hannuna, duka da ruwa.

Amma akwai abin da ya dame ni. Na bi gidajen wasu daga cikin ɗaliban bara, na tarar an ajiye tukunya a bakin makwarara ana alwala a kanta sau biyar a yini, wai don a taimaka mata. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Wani kuma ya zo yana cewa ganye ya yi yaushi shi ya sa ya ƙara ruwa, alhali yaushin daga ruɓewar saiwa ne, tsiron ba shi da bakin shan ruwan kuma. Malam, Hajiya, ku tura yatsa. Ku gaya wa yaran gida da duk mai shara cewa babu mai zuba wa tukunyar nan ruwa sai ku, ku ɗin ma sai bayan kun tura yatsa har gaɓa ta biyu.

Idan rani ya shiga, guineensis da cristata za su zubar da ganye. Ba mutuwa suka yi ba, hutawa suke yi. Ku matsa kumburin. Idan da tauri, da rai. Ku ɗauke ruwa kusan gaba ɗaya har sai kun ga sabon toho, sannan ku koma ga ƙa'idar yatsa.

Darasi na huɗu: Rubuta suna

Kowane okid na asali yana da suna biyu, na gida da na yanka. Na gidan ne ke zuwa farko da babban harafi, na biyun da ƙaramin harafi: Eulophia petersii. Haruffan p da h idan sun haɗu ana karanta su kamar f. Ku yanko farar roba daga tsohuwar jarka, ku rubuta sunan da ranar da kuka samu tsiron da fensir, domin rana tana cinye tawadar biro, sannan ku soke a gefen tukunya.

Darasi na biyar: Taki da ƙwari

Taki sai da damina, lokacin da tsiron yake girma, kuma rubu'in abin da aka rubuta a jikin kwalin ya isa. Kada ku sa ɗanyen kashin kaji. Idan kun ga farin ƙwaro kamar auduga a ƙasan ganye, ku goge da tsumma da ruwan sabulu, kuma ku kare tukunyar daga awaki.

Darasi na shida: Rabawa

Idan tukunya ta cika, ku raba tsiron da wuƙa mai tsabta a farkon damina, kowane kashi da kumburi uku. Aikin gida: kowa ya zo ranar Asabar da tukunyarsa a hude da sunan a rubuce.