Shawara Ga Mai Son Farfaɗo Da Tsohon Babur

Assalamu alaikum. Duk wanda ya sayi tsohon babur irin Jincheng ko Honda CG125 da niyyar gyara shi da hannunsa, ina ba shi shawara kada ya yi gaggawar tayar da injin, musamman idan babur ɗin ya daɗe a ajiye. Da farko a juye tsohon fetur, sannan a haska cikin tanki da tocila, domin tsatsar da ta kwanta a ƙasansa ita ce take bin mai ta toshe kafireto, wato sashen da yake haɗa fetur da iska kafin su shiga injin, ko da an wanke kafireton sau goma. Bayan haka a sauya baƙin mai, wanda kusan lita ɗaya ta ishe shi, a kuma duba fulogi: idan bakinsa ya jiƙe da baƙin maiƙo, mai yiwuwa ringin fistan ya cinye, kuma wannan aikin bakanike ne.

Kafin a kwance kowane sashe, a ɗauki hotonsa da waya, a zuba notinansa cikin gwangwani dabam. Fenti kuwa ya jira, har sai birki da tayoyi sun samu lafiya, tun da su ne suke riƙe da ran mahayi.