Kamun kifi a mahaɗar kogi da teku: kurakuran sabon shiga

Wanda ya koyi fatsa a gulbin Argungu ko a tafkin Kainji, sannan zama ya kai shi Legas, Kalaba, Duwala ko Ada Foah ta Ghana, yakan ɗauka ruwa duk ruwa ne. A nan ake fara yin kuskure. Kogin da muka saba da shi fuska ɗaya yake gudu, cikarsa da damina, raguwarsa da rani. Amma inda kogi ke zuba cikin teku, ruwan yakan cika sau biyu ya janye sau biyu a wuni da kwana, kuma kifi da wannan motsi yake kiwo.

Shi ya sa babban kuskure shi ne fita don ka samu sarari, ba don lokacin ruwa ya yi ba. Mutum ya taso daga aiki, ya zauna awa uku a bakin gaɓa, ko taɓa ƙugiya ba a yi ba, ya koma gida yana cewa wurin ba kifi. Kifi na nan, ruwan ne ya tsaya. Idan ya gama cika ko ya gama janyewa yakan yi lamo na ɗan lokaci, kifi ma ya lafa. Cizo yana yawaita ne sa'ad da ruwa ke tafiya: yana shigowa yana rufe taɓo, ƙananan kifi da jatan lande su bazu neman abinci, manya su biyo su, ko yana fita, yana kwaso su ta ƙananan mashigai, manyan na jira a bakin.

Lissafin ba wuya. Tsakanin cika da cika awa 12 ne da kamar minti 25, don haka kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Idan yau ruwa ya cika da azahar, bayan mako guda da azahar za ka tarar ya janye. Mu da muke ƙirga kwanan wata muna da sauƙi a nan: cika mafi girma da janyewa mafi nisa suna zuwa ne wajen kamawar sabon wata da kuma 14 zuwa 16 ga wata, sai su yi sanyi wajen 7 da 22. Akwai jadawalin cikar teku na manyan tashoshin jiragen ruwa a intanet, a duba kafin a fita. Sai dai wurare sun bambanta. A tafkin Legas bambancin cika da janyewa bai kai mita ɗaya ba, a mashigar kogin Wouri ta Duwala da ta Kalaba kuwa yakan wuce mita biyu, kuma can cikin mashiga cikar takan makara fiye da bakin teku.

Wannan rashin lura shi ne kuma ke jefa mutane cikin haɗari. Ruwa ya janye, fili ya buɗe, sai sabon shiga ya taka cikin taɓo ya yi nisa. Ruwan da zai dawo ba daga gabansa kawai yake zuwa ba, ta kwaruruka yake zagayowa ya datse masa hanya ta baya, ga laka ta riƙe ƙafa har gwiwa. Ka san lokacin juyawar ruwa, ka fito kafin nan. Kada kuma ka kai ƙaramin kwalekwale daidai bakin da ruwa mai fita ke karo da igiyar teku. Masuntan wurin ma da lissafi suke ratsa shi, balle baƙo. Rigar da ke hana nutsewa ba abin kunya ba ce ko ga ɗan Sarkawa.

Sai abin da ake sa wa ƙugiya. Tana ita ce gwanar kogi, amma ruwan gishiri na kashe ta nan da nan, ta yi fari ta saki jiki. Jatan lande ɗanye, ƙaramar kaguwa ko yankan kifin bonga sabo sun fi ta nesa ba kusa ba, domin su kifin wurin ya saba ci. Da damina dai, idan ruwan kogi ya rinjayi na teku, tana takan yi aiki a can ciki, musamman ga warushe da tarwaɗa.

Wasu kuma ƙarfin jifa suke nunawa, su wurga can tsakiyar ruwa. Sau da yawa kifin yana kusa da ƙafarka: gindin ginshiƙin gada, gefen duwatsu, bakin kwari, ko ƙarƙashin bishiyoyin nan masu saiwa a waje da ke tsirowa cikin taɓon gishiri. Hanya mafi kyau ta sanin wuri ita ce ka je ba ƙugiya lokacin da ruwa ya janye sarai, ka ga inda rami yake da inda kwari ya bi, ka riƙe a ka. Amma saiwoyin nan da duwatsu akwai ƙwanso mai kaifi manne da su, yana yanke siririn zare, don haka a ɗaura guntu mai kauri daga ƙugiya zuwa kamu ɗaya. Idan barakuda, wani dogon kifi mai kaifin haƙora, na yawo, sai wayar ƙarfe, haƙoransa ba sa barin zare. Dalmar nutsar da ƙugiya kuwa a zo da ita iri-iri, don wadda ta zauna a ƙasa ɗazu, anjima ruwa zai ja ta idan ya yi ƙarfi.

Gishiri yana cin ƙarfe. A wanke ƙugiya, wuƙa da na'urar naɗe zare da ruwan daɗi a shanya, in ba haka ba kwana kaɗan tsatsa ta gama da su.

Kunamar ruwa tana kwanciya cikin yashi a ruwa marar zurfi. Mai tafiya a ciki ya riƙa jan ƙafa, kada ya ɗaga ya taka. Idan ta yi harbi, a tsoma wurin cikin ruwan zafi daidai wanda fata za ta iya jurewa, sannan a tafi asibiti, don ƙayar takan karye a ciki.

Akwai kuma kuskuren da ba na ruwa ba. Ruwan nan yana da masu shi: Ilaje da Egun a Legas, Ijo a Neja Delta, mutanen Ada a bakin kogin Volta. Kamar yadda baƙo ba ya shiga gulbi bai gai da Sarkin Ruwa ba, haka nan ma. A garuruwa da dama na gaɓar Ghana ba a fita teku ranar Talata, sai ka tambaya ko dokar ta shafi mashigar da kake. Sandunan da ka gani kafe cikin ruwa da rassa tsakaninsu tarkon wani ne, kada ka jefa birgi a kai. Ƙananan kifin da suka faɗo hannunka kuwa a mayar da su, domin da yawa daga cikin kifin tekun a mashiga suke girma kafin su fita, kuma masuntan wurin suna lura da abin da baƙo ke zubawa a bokiti.