Yadda Ake Binciken Kaburburan Yara a Tsohuwar Makarantar Kangararru

Makarantar Dozier da ke garin Mariyana a jihar Fulorida ta Amurka ta yi aiki daga 1900 zuwa 2011 tana tsare yara maza da aka kai domin gyaran hali. A maƙabartarta akwai alamomin kaburbura 31 da aka yi da bututun ƙarfe. Da masu bincike na Jami'ar Kudancin Fulorida ƙarƙashin Dakta Erin Kimmerle suka tona wurin a 2013, sai suka tarar da kaburbura 55. Aikin nasu ya nuna yadda ya kamata a bi irin wannan bincike, da kuma inda yake iya lalacewa.

Kada a taɓa ƙasa kafin a gama da takardu. A tattaro rajistar shigar yara da fitarsu, takardun shaidar mutuwa, rahotannin asibitin makarantar, jaridun lokacin, da tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama, domin su ne ke nuna inda bishiyoyi suka tsiro a kan filin da a da fili ne. Daga nan a fitar da jerin sunaye: shekarun yaro, ranar da ya rasu, dalilin da aka rubuta, da ko an mayar wa iyayensa gawa. A sa ido sosai a kan waɗanda aka rubuta sun gudu kuma ba a sake jin ɗuriyarsu ba. A Dozier takardu sun nuna kusan mutum 100 suka mutu, ciki har da waɗanda gobarar ɗakin kwana ta 1914 da annobar mura ta 1918 suka kashe.

Sai a zauna da tsofaffin ɗaliban da suka rayu, ɗaya bayan ɗaya, ba a taro ba, don kada labarin wani ya shiga cikin na wani. Tambaya ta zama buɗaɗɗiya, kada a sa wa mutum amsa a baki. Wannan mataki yana da nauyi, domin a Dozier mutanen da suka ba da labarin dukan da aka yi musu da bulalar fata a wani ɗan gini da ake kira Farin Gida ne suka sa hukuma ta waiwayi makarantar.

Bayan an samu izinin hukuma da amincewar iyalai, sai a share ciyawa a auna filin, a raba shi layi-layi, tazarar santimita 25 zuwa 50. A tura na'urar rada mai leƙa ƙarƙashin ƙasa a kan kowane layi. Na'urar ba ta ganin ƙashi. Abin da take nunawa shi ne inda aka taɓa haƙa ƙasa aka cike. Jiƙaƙƙiyar ƙasa da yumɓu suna shanye siginarta, saiwar bishiya kuma takan fito tamkar kabari. A 2019 an ga alamu 27 a wani ɓangare na filin Dozier, hankali ya tashi, da aka tona ba a samu gawa ko ɗaya ba, yawancinsu saiwoyi ne. Don haka bai dace a sanar da adadin kaburbura da sakamakon rada kaɗai ba. A fara yanka siririn rami a kankare ƙasar sama, a duba ko launin ƙasa ya fitar da siffar kabari.

Tono shi ne inda ake bukatar haƙuri. Ƙasar sama kaɗai ake cirewa da inji. Da zarar siffar ramin ta bayyana, sai a koma ga cokalin magina, a kusa da ƙashi kuwa sai buroshi da tsinken katako, don ƙarfe yana karce ƙashi, kuma karcen yakan rikita wanda zai duba rauni daga baya. Duk ƙasar da aka kwaso a tace ta a rariya mai ido kamar milimita 6, ko mafi ƙanƙanta a kusa da kai da hannuwa, saboda haƙora da ƙasusuwan yatsun yaro ƙanana ne. Kafin a ɗaga komai a ɗauki hotonsa da ma'auni a gefe, a zana inda yake. Ƙusoshi da mariƙan akwatin gawa, maɓallai da kan bel suna taimakawa wajen gane zamanin binnewa. Kowane kabari da lambarsa, kowace jaka da lambarta, kuma duk wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata. Idan wannan sarƙar ta tsinke sau ɗaya, lauya zai iya watsar da shaidar a kotu. A zuba ƙashi a jakar takarda, ba leda ba, domin leda tana tara laima ta jawo funfuna.

A ɗakin gwaji ana gane shekarun yaro daga fitowar haƙora da haɗuwar kawunan dogayen ƙasusuwa. Jinsi kuwa da wuya a gane shi daga ƙashi kafin balaga. Sai a bambanta karaya iri uku: wadda ta warke tun yana raye, wadda ta faru dab da mutuwa, da wadda nauyin ƙasa ya jawo bayan shekaru. Wadda nauyin ƙasa ya jawo, bakinta ya fi sauran ƙashin haske, kuma gautsi gare ta. A nan dole mai bincike ya faɗi gaskiya: bulala tana fasa fata da tsoka, ba lallai ta bar tabo a ƙashi ba. Rashin ganin rauni ba ya wanke kowa, ba ya kuma ƙaryata waɗanda suka ba da shaida.

Don gano suna, a ɗauki samfurin DNA, wato ƙwayar halittar da ake gado daga iyaye, daga haƙorin turmi, ƙashin cinya, ko ƙashin da ke kewaye da kunnen ciki, a gwada da yawun ’yan uwa da aka goga daga cikin kunci. ’Yan uwa ta wajen uwa suna da amfani ƙwarai, don DNA ɗin da ake gado daga uwa ya fi jure daɗewa a ƙasa. Da samfurin ’yar uwarsa aka gane George Owen Smith a 2014, yaro ɗan shekara 14 da ya ɓace daga Dozier a 1940, bayan gwaji a Jami'ar Arewacin Tekzas. An kuma gane Thomas Varnadoe da Earl Wilson. Amma yawancin yaran ba a samu sunansu ba, ko dai ƙasa ta cinye ƙashin, ko kuma ba a samu dangin da za a gwada da su ba. Saboda haka a fara neman dangi tun ranar da aka buɗe rajista, domin ’yan uwan da suka rage tsofaffi ne.

A rahoton ƙarshe a raba abin da DNA ya tabbatar da abin da ake kyautata zato daga shekaru da takardu. Iyali su fara jin sakamako kafin ’yan jarida. Waɗanda aka gane a miƙa su ga danginsu, sauran kuma a binne kowanne a kabarinsa da lambarsa, a adana bayanan DNA ɗinsa ko wani ɗan uwa zai bayyana nan gaba.