Yadda ake buga lamba 8 da 10 a zari-ruga na mutum 13

A wannan nau'i na zari-ruga, wanda ya ɓalle daga uwar wasan a Huddersfield ta Ingila a 1895, sau shida kawai ake kayar da mai riƙe da ƙwallo a ƙasa kafin ƙwallon ta bar ƙungiyarsa ta koma hannun abokan hamayya. Rugawa da ƙwallo ta farko da ta biyu, inda katangar masu tsaro ta fi kauri, ta masu lamba 8 da 10 ce. Yawancinsu a gasar NRL ta Ostireliya da Super League ta Ingila sun haura kilo 100, amma nauyi shi kaɗai ba ya ba mutum wannan gurbi.

In za ka ɗauki ƙwallo, tsaya da ɗan nisa a baya don ka karɓe ta kana cikin gudu. Wanda ya karɓa a tsaye, nan take za a mayar da shi baya. Kada ka nufi ƙirjin mai tsaro, nufi tsakanin mutum biyu, ka ɗan kauce da ƙafa dab da karo don kafaɗarsa ta same ka a gefe. Bayan karon ci gaba da tura ƙafafu da gajerun taku. Sannan abin da matasa suka fi sakaci da shi: faɗi a kan cikinka, kana fuskantar gaba. In aka kifar da kai rigingine, kafin ka miƙe ka mirgina ƙwallo baya da ƙafa, masu tsaro sun gama ja da baya mita 10 sun jera. In kuwa ka tashi da sauri, mai lamba 9, wanda ke ɗaukar ƙwallon da ka mirgina, zai same su a warwatse.

Wajen tare mutum, ƙafa ce ke fara aiki, ba kafaɗa ba. Rage tsawon taku yayin da kake matsowa, sa ƙafar gaba kusa da shi, durƙusa kaɗan daga gwiwa da ƙugu, bayanka a miƙe, idonka a buɗe. Kafaɗa ta sauka ƙasan ƙwallo, hannaye biyu su rungume shi. Kanka ya kasance a gefen jikinsa ko bayansa. Sa kai a gaban gwiwa ko ƙugun mai gudu yana cikin abubuwan da ke jawo wa mai tarewa buguwar ƙwaƙwalwa. Bangaza da kafaɗa ba tare da runguma ba kuwa, NRL ta haramta shi tun kakar 2013. Hannun da ya kai wuya ko kai ma laifi ne, kuma hukuncinsa kan kai minti 10 a waje ko kora gaba ɗaya. Adrian Morley na Birtaniya daƙiƙa 12 kacal ya yi a fili a karawarsu da Ostireliya a 2003 aka kore shi kan haka, ya bar 'yan uwansa 12 da sauran wasan.

Wasan minti 80 ne, amma da wuya ɗan wannan gurbi ya buga shi duka. Yakan yi minti 20 zuwa 25, ya fita ya huta, ya dawo. Saboda haka atisayensa ya zama na gajeren gudu da maimaici: ruga mita 10, kwanta, miƙe, koma baya, sake. A haɗa da ɗaga ƙarfe don cinya da baya, da kokawa a ƙasa, da ƙarfafa wuya.

Ana yawan ba da labarin Sam Burgess na ƙungiyar South Sydney, wanda ƙashin kuncinsa ya karye a karon farko na wasan ƙarshe na gasar NRL ta 2014, ya kuma buga har aka tashi, South Sydney ta ɗauki kofi. Jarumta ce, amma matashi kada ya ɗauke ta darasi a kan raunin kai. Wanda ya ji jiri, ko gani ya dushe masa, ko ya rikice bayan karo, ya fita likita ya duba shi. A NRL, duk wanda aka tabbatar ya samu buguwar ƙwaƙwalwa sai ya yi kwana 11 kafin ya sake buga wasa.