Yadda ake mayar da abin da mutum ya buga ya zama lamba a Haskell

Ɗaliban da ke zuwa wurina daga Samaru kusan wuri ɗaya suke tuntuɓe. Za su rubuta ɗan shiri da Haskell, wato yaren rubuta shirin kwamfuta, wanda zai tambayi kuɗin buhun masara da yawan buhuna ya ba da jimla, sai abu ya ƙi.

Da farko, getLine, umarnin da ke karɓar abin da mutum ya buga, rubutu yake kawo maka, ba lamba ba, ko da 12 mutum ya buga. Kuma a ƙunshe cikin IO (nau'in ayyukan shigarwa da fitarwa) yake zuwa, don haka s <- getLine ake rubutawa. Wannan ba sai na tsaya a kai ba.

Inda nake so ka natsu shi ne nan: kada ka taɓa read, aikin nan da ke mayar da rubutu lamba. Na san da shi ake fara koya wa mutane, amma ni ya taɓa ba ni kunya gaban wani dillalin hatsi a Sabon Gari. Alhaji ya buga 45,000 da waƙafi, yadda yake rubutawa a littafin bashinsa. Shirin bai ce uffan ba. Ya wuce ya tambayi yawan buhuna, ya tambayi sunan mai saye, sai can wajen jimla ya mutu da Prelude.read: no parse. Alhaji ya ce, "Malam, ai gara kalkuletata." Na kwana ina tonon layin jimla, ashe ba can ɓarnar take ba. Haskell malalaci ne, ba ya taɓa rubutun sai an nemi lambar, shi ya sa kuskuren ke fashewa nesa da inda aka yi shi.

Ɗauko readMaybe daga Text.Read. Tun GHC (manhajar da ke fassara Haskell) 7.6 na 2012 yake ciki, ba sai ka ƙona data wajen sauke komai ba. In ya gane zai ba ka Just da lambar, in bai gane ba Nothing. Amma sai ka faɗa masa irin da kake so, Maybe Int (cikakkiyar lamba) ko Maybe Double (lamba mai ɗigo). Int ba ya karɓar 12.5, Double kuma ba ya karɓar .5 sai da sifili a gaba. Ni kuɗi da Integer (cikakkiyar lamba komai girmanta) nake riƙe su, a kwabo.

Kafin ka miƙa wa readMaybe rubutun, tace waƙafin da filter. Sannan ka buɗe sakamakon da case nan take: Nothing ya ce wa mutum ya sake bugawa, aikin ya kira kansa, Just ya wuce. In tambayar da putStr ta ƙi fitowa a allo, sa hFlush stdout, mai tura rubutu allo nan take, a ƙarƙashinta.