Yadda za ka gano abin da ke cinye maka katin wuta

Hunturun bara, a garinmu da ke kusa da Ringim, katin naira 3,000 ba ya kai mu kwana goma. Kullum ina ta faɗa da yara kan barin ƙwan tsakar gida a kunne. Ashe alhakinsu nake ɗauka, sai da na zauna da biro da takarda sannan na gane.

Fara da juya kowane kayan wuta na gidanka ka duba bayansa ko gindinsa. Akwai lamba da harafin W a gefenta, wat ke nan, ƙarfin wutar da yake ja. In ba ka ga W ba sai A, ninka lambar da 230, domin wutarmu a Najeriya bolt 230 ce. Firizar uwargida 0.7A aka rubuta, kusan wat 160.

Sai ka ninka wat da awannin da kayan ke yi a kunne, ka raba da 1,000. Abin da ya fito shi ne yunit ɗin da mita ke cirewa. Kuɗin yunit kuwa, rasit ɗinka na kamfanin wuta, KEDCO, zai faɗa maka, tunda kowane layi da rukuninsa, daga A zuwa E. Ni yunit 50 aka ba ni a 3,000, kowanne naira 60.

Ƙwayayen gidana biyar ne, masu wat 10. A awa shida sun sha yunit 0.3, naira 18 kacal. Fanka mai wat 75, in ta yi awa takwas, 0.6. Sai hitar da ake tsomawa a bokiti, wadda ko kallo ba ta ishe ni ba: wat 1,500, awa biyu kowace safiya saboda wankan 'yan makaranta. Yunit uku, naira 180 a rana, 5,400 a wata! Ninki goma na ƙwayayen. Duk abin da aikinsa zafafawa ne, hita ko dutsen guga ko risho na lantarki, shi za ka fara tuhuma.

Firiza ce lissafinta ke da ɗan wuya, don injinta yana tashi yana hutawa. Ita sai ka kashe komai, ka rubuta lambar mita, ka bar ta ita kaɗai awa uku, ka dawo ka ɗebe sabuwar lambar daga ta farko.

Ruwan wanka dai mun mayar da shi kan murhu, a garwashin da ya rage bayan an dama koko.