Yadda Ake Curin Gawayi Daga Totuwa da Ɓawon Gyaɗa

Duk abin da ya tsiro daga ƙasa, in ya bushe, kusan rabin nauyinsa sinadarin kabon ne. Sauran ruwa ne, da mai da kwalta masu tashi su zama hayaƙi, da ɗan abin da zai rage toka. Yin gawayi shi ne a kori ruwan da hayaƙin a bar kabon, kuma hanyar ita ce zafi mai yawa da iska kaɗan. In iska ta yi yawa, oksijin ya cinye kabon ɗin, sai ka buɗe ka tarar da toka zalla. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe sana'ar.

Ni totuwar masara da ɓawon gyaɗa na fi so. Buntun shinkafa yana da arha a wurin masu casa, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa toka ce mai sinadarin yashi, wadda ba ta ci. In za ka sa shi, kada ya wuce ɗan kaɗan a cikin haɗin. Diddigar gawayi da masu sayarwa ke sharewa a ƙasan buhu kuwa, saye ta ko nawa ka samu, don an riga an yi maka rabin aiki.

Nemi durom na ƙarfe, ka huda ƙananan ramuka a gindinsa, ka ɗora shi kan duwatsu uku. Cika shi da busasshen kaya, ka kunna daga sama. Daga nan idonka na kan hayaƙi. Farin hayaƙi mai kauri ruwa ne ke fita. In ya koma rawaya-rawaya yana yaji a ido, mai da kwalta ne, kuma a nan zafin ya haura digiri 280, inda kayan ke ci gaba da dahuwa da zafin kansa. Da ka ga hayaƙin ya sirance ya yi shuɗi, to kabon ya fara ci. Maza janye duwatsun, rufe bakin durom, ka liƙe ko'ina da laka. Kada ka buɗe sai ƙarfen ya huce sarai, domin gawayi mai zafi na ganin iska zai sake kamawa. Abin da za ka kwasa ba zai wuce kwata zuwa kashi ɗaya cikin uku na nauyin da ka zuba ba, haka abin yake.

Daka shi a turmi, ka tankaɗe da rariya. Ɗaura ƙyalle a hanci, ƙurar ba ta da kyau ga ƙirji.

Garin gawayi ba ya kama kansa, sai da abin ɗauri. Dama garin rogo a tafasasshen ruwa kamar talge har ya yi yauƙi. Ga kilo 10 na garin gawayi, rabin kilo zuwa kilo ɗaya na rogo ya isa. Ƙaro ma yana yi in kana inda yake da sauƙi. Wasu suna cika yumɓu don curin ya yi nauyi a sikeli, abin da ke ɓata mini rai ke nan: yumɓu ba makamashi ba ne, ƙasa ka sayar wa mai saye. Ɗan kaɗan yana rage saurin ci, fiye da haka ha'inci ne. Kwaɓa har in ka matsa a tafin hannu ya dunƙule ba tare da ruwa ya ɗiga ba. Dura a guntun bututun ƙarfe, ka danna da ƙarfi, ka bar rami a tsakiya don iska ta ratsa. Shanya a rana, kwana uku zuwa biyar da hunturu, da damina ya fi haka. In ka saki ɗaya daga daidai ƙugu bai farfashe ba, ya yi.

Haɗin ya danganta da mai saye. Mai tsire da mai balangu suna son wuta mai daɗewa marar hayaƙi, sai a matse curin sosai. Maƙeri yana son zafi mai tsanani in ya taɓa zugazugi, toka kuma tana ɓata masa aiki, don haka nasa babu buntu babu yumɓu. Manyan masana'antu ma lissafinsu ke nan: danshi nawa, toka nawa, kabon nawa. Kamfanin siminti na Ashaka yana ƙona kwal (gawayin da ake haƙowa daga ƙasa) na Maiganga a jihar Gombe, a Nijar kuma kamfanin SONICHAR na ƙona kwal ɗin Anu Araren a yankin Agadez don samar da lantarki. Sai dai kwal na ɗauke da farar wuta, hayaƙinsa na lalata nama, kada ka gauraya shi a curin gashi.

Ka gaya wa duk wanda ya saya kada ya shiga ɗaki da kurfoti ya rufe ƙofa saboda sanyi. Gawayi mai ci cikin ƙarancin iska yana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ko wari, tana kama jini fiye da oksijin sau sama da 200. Ciwon kai da jiri ne alamar farko, sai a fita waje nan take, a buɗe ƙofa da taga.